Ƙarfin Sa da Zafin Naman Barewa

Mu 'yan ƙungiyar guje-guje da tsalle-tsalle muna godiya ga kwamitin wannan littafi na shekara saboda filin da aka ba mu. A shekarun baya abin da akan rubuta a nan game da wasanni shi ne jerin sunayen waɗanda suka ci kofi, da gidan da ya zo na ɗaya. A bana mun ga ya kamata mu yi magana a kan abin da yake faruwa kafin ranar kofi, watau irin horon da yake sa ɗalibi ya yi gudu da tsalle da jifa fiye da yadda ya saba. Mun yi wannan rubutu domin ƙannenmu da za su gaji filin bayan mun tafi, da malamanmu masu lura da mu, da kuma iyayenmu, gama da yawa a cikinsu hankalinsu yakan tashi in sun ji an ce ɗansu ko 'yarsu na ɗaga ƙarfe.

Akwai wata tsohuwar gardama a tsakanin ɗalibai, wadda muka tarar tun muna aji ɗaya. Kashi na fari su ne 'yan ƙarfe. Su ne masu cika gwangwanayen madara da siminti, su soka bututun famfo a tsakani, su yi ta ɗagawa a bayan ɗakin kwana. A wurinsu mai ƙarfi shi ne sarkin fili. Kashi na biyu su ne 'yan tsalle, masu cewa ƙarfe yana sa jiki nauyi, yana kuma daskarar da tsoka. Su dai a bar su da gudu da tsallen matakala. Ranar gasar gidaje kuwa kowa yakan ga iyakarsa. 'Yan ƙarfe sukan ci jan igiya, amma a tseren mita 100 sai su tashi kamar motar da aka yi wa lodi. 'Yan tsalle sukan ci gaba a makonnin farko, daga nan su tsaya cik, wasu ma su ƙare da ciwon ƙwauri da na gwiwa.

Abin da muka fahimta bayan shekarun da muka yi a ƙungiyar nan shi ne, kowane kashi yana riƙe da rabin gaskiya. Abin da yake cin tsere da tsalle da jifa shi ne ƙarfin da yake fita nan take, wanda Bahaushe yake kira zafin nama. Ba a kuwa samun sa sosai sai an haɗa aikin nauyi da aikin zabura, kowanne a lokacinsa.

Bari mu fara da abin da dukanmu muka koya a darasin fiziks. A ce ɗalibai biyu sun ɗora buhun siminti mai kilo 50 a kan tebur mai tsawon mita ɗaya. Na fari ya yi shi cikin sakan 2, na biyu cikin sakan 1. Aikin da suka yi ɗaya ne, amma na biyu ya ninka na fari a zafin nama, domin ya gama a rabin lokaci. To, a filin wasa lokaci shi ne abin da ya fi ƙaranci. Sa'ad da gwanin tsere yake tsakiyar gudu, ƙafarsa ba ta wuce sakan 0.1 a ƙasa. Usain Bolt na ƙasar Jamaika ya gama mita 100 cikin sakan 9.58 a birnin Balin a 2009, da taku 41 kacal. Mai dogon tsalle ma ɗan abin da ya ɗara sakan 0.1 yake samu a kan katakon tashi. Ita kuwa tsoka tana bukatar wajen sakan 0.3 ko fiye kafin ta fitar da dukan ƙarfinta. Ashe ke nan babu ɗan wasan da yake samun damar amfani da ƙarfinsa duka a taku ɗaya. Abin da ya iya fitarwa kafin ƙafa ta bar ƙasa shi ne nasa.

Mu ɗauki misali. A ce ƙarfin ƙafar wani ya kai 200, amma kashi 40 cikin 100 yake iya fitarwa a wannan ɗan lokaci. Abin da ya samu 80 ne. Wani kuma ƙarfinsa 150 ne, amma yana fitar da kashi 70 cikin 100, ya samu 105, ya wuce na fari ko da yake bai kai shi ƙarfi ba. Na uku yana da 200, yana kuma fitar da kashi 70, ya samu 140, ya bar su duka a baya. Ƙarfi kamar hatsi ne a rumbu, zabura kuwa ita ce faɗin ƙofar rumbun. Rumbu cike mai ƙaramar ƙofa ba ya ciyar da taro da wuri, babbar ƙofa kuma ba ta da amfani in rumbun wayam yake.

Masana sun daɗe suna binciken dalilin haka. A 1938 wani Baturen Ingila, A. V. Hill, ya gwada tsokar kwaɗo, ya nuna cewa gwargwadon saurin da tsoka take takurewa, gwargwadon raguwar ƙarfin da take bayarwa. Shi ya sa kaya mai nauyi yake tafiya a hankali, marar nauyi kuma yake tafiya da sauri. Zafin nama mafi girma yana tsakanin waɗannan biyu. Daga baya wani masani a Amurka, Elwood Henneman, ya nuna cewa jiki ba ya tashin zaruruwan tsoka duka gaba ɗaya. Yakan fara da ƙanana masu jimiri, waɗanda muke amfani da su wajen tafiya da shara. Manya masu sauri da ƙarfi ba a kiran su sai kaya ya yi nauyi ƙwarai, ko kuwa mutum ya yi niyyar motsi da iyakacin saurinsa. Wanda yake zagaya fili a hankali sau goma yana horar da zuciyarsa da huhunsa, wannan kuwa abu ne mai kyau, amma waɗannan manyan zaruruwa suna nan suna hutawa.

Ga aikin da kowane horo yake yi. Ɗaga nauyi, kamar tsuguno da sandar ƙarfe a kafaɗa ko ɗago ta daga ƙasa, yana tashin manyan zaruruwan nan, yana ƙara musu kauri, yana kuma ƙarfafa ƙashi da jijiyoyin da suka haɗa tsoka da ƙashi. Aikin zabura, watau tsalle da ɗan gajeren gudu da jifa, yana koya wa ƙwaƙwalwa ta aika saƙo da gaggawa. Har wa yau yana koya wa agara da sauran jijiyoyi su yi aiki kamar danƙon harbi, wanda akan ja ya miƙe, a sake shi ya koma da ƙarfi. Kowa yana iya gwada wannan a jikin bango da ɗan alli a hannu. Ka tsuguna ka tsaya cik na sakan uku, sa'an nan ka yi tsalle ka sa alama. Ka sake yi, amma wannan karon ka sauka da sauri ka tashi nan da nan. Yawancin mutane za su ga alama ta biyu ta ɗara ta fari da 'yan santimita.

Mutumin da ya fi shahara wajen mai da wannan ilimi ya zama horo shi ne Yuri Verkhoshansky na tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 yana horar da masu tsalle a Mosko, ya sa su diro daga kan akwati, su taɓa ƙasa, su tashi sama nan take. Bai raba wannan da ɗaga nauyi ba, gama a tsarinsa sai ɗan wasa ya yi ƙarfi tukuna ake ba shi diro. Sa'ad da Valeriy Borzov na Tarayyar Sobiyet ya ci mita 100 da mita 200 a wasannin Olamfik na Munik a 1972, masu horo a Amurka suka fara tambayar abin da ake yi a can. A 1975 Fred Wilt, tsohon ɗan tseren Amurka, ya yaɗa sunan filayometirik ga irin wannan horon tsalle, sunan da aka san shi da shi a duniya.

Amma shin haɗa su ya fi kowanne shi kaɗai? An gwada. A 1992 Kent Adams da abokan aikinsa a jihar Oregon ta Amurka suka buga sakamakon wani gwaji na mako 6. Waɗanda suka yi tsuguno da nauyi kaɗai, tsallensu na sama ya ƙaru da santimita 3.30. Waɗanda suka yi tsalle-tsalle kaɗai suka ƙaru da 3.81. Waɗanda suka haɗa biyun kuwa suka ƙaru da santimita 10.67. Ku lura, in an tara na kashi biyun farko bai kai ko 8 ba. Wannan gwaji ɗaya ne, ba kowane bincike ne ya sami tazara mai girma haka ba, amma ya isa ya sa 'yan ƙarfe da 'yan tsalle su zauna a benci ɗaya.

Ga masu cewa ƙarfe yana sa jiki nauyi, muna da labarin Werner Günthör na ƙasar Suwizalan. Tsawonsa mita 2, nauyinsa ya haura kilo 120, ya kuma zama zakaran duniya a jifan dalma har sau uku, a 1987 da 1991 da 1993. An ɗauki hoton bidiyo na horonsa, inda ake ganin wannan ƙaton mutum yana gama ɗaga nauyi sai ya shiga tsallake shinge da matakala kamar ɗan akuya. Malaminsa Jean-Pierre Egger daga baya ya horar da Valerie Adams ta ƙasar Niyu Zilan, wadda ta ci zinariyar Olamfik a 2012. A gida ma muna da abin koyi. Chioma Ajunwa ta yi tsallen mita 7.12 a Atlanta a 1996, ta kawo wa Nijeriya zinariya. Ese Brume ta kai mita 7.17 a 2021. Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 da sakan 12.12 a 2022. Duka ukun mata ne, kuma wasanninsu duka na zafin nama ne. Saboda haka kada wani ya ce wa 'yan'uwanmu mata wannan horo ba nasu ba ne. Yarinyar da ta tashi tana daka da taɓarya tana ɗebo ruwa ta riga ta san nauyi, ta san zabura.

Haka ma 'yan'uwanmu da suka zo daga ƙauye. Wanda ya yi damina yana huɗa da garma yana da ƙarfin da ɗan birni zai yi wata da watanni kafin ya samu. Amma aikin gona aiki ne na jimiri, ana yin sa a hankali daga safe har rana ta take. Irin wannan ɗalibi abin da ya fi bukata shi ne zabura. Dukanmu mun ga kokawa a dandali bayan girbi: ba kullum ƙato ne yake kayarwa ba, sau da dama wanda ya riga shiga ya ɗaga cikin ƙiftawar ido shi ne yake tashi da nasara. Ɗalibin da ya tashi yana buga ƙwallo a layi kuwa yana da sauri da wayon ƙafa, amma sau da yawa cinyarsa da bayansa ba su da ƙwari. Shi kuma nauyi ne maganinsa. Kowa ya dubi abin da ya rasa.

Yanzu, ta yaya ake haɗa su? Hanyoyi uku muka sani.

Ta fari ita ce bisa ga zangon karatu. A zango na fari a ba ƙarfi muhimmanci: tsuguno, ɗago nauyi daga ƙasa, hawa benci da ƙafa ɗaya, tura ƙasa da hannu, da jan jiki a sanda, tare da 'yan tsalle masu sauƙi. Da gasa ta matso sai a rage yawan nauyi, a ƙara tsalle da gajeren gudu. Wannan ita ce ta dace da sababbin shiga. Wani bincike da Prue Cormie da abokan aikinta suka buga a 2010 a Ostareliya ya nuna cewa mutanen da ba su da ƙarfi sosai, in suka yi mako 10 suna ɗaga nauyi kaɗai, tsallensu da gudunsu sukan ƙaru kusan daidai da na masu horon zabura, ga kuma ƙarin ƙarfi da suka tara domin gaba. Watau marar ƙarfi ya fara cika rumbu tukuna.

Ta biyu ita ce a cikin mako guda. Misali, Litinin da Alhamis nauyi, Talata da Jumma'a tsalle da gudu, sauran kwanaki hutu ko wasa mai sauƙi. Abin lura shi ne a bar aƙalla awa 48 tsakanin ranar tsalle mai tsanani da wata, gama a lokacin hutu ne jiki yake gina abin da horo ya nema.

Ta uku ita ce a zama ɗaya, a jera su bi da bi. Ɗan wasa ya yi tsuguno da kaya mai nauyi sau 3 zuwa 5, ya huta, sa'an nan ya yi tsalle 5 da iyakacin ƙarfinsa. Dalili shi ne, bayan tsoka ta yi aiki mai nauyi takan kasance a shirye na 'yan mintoci, sai motsin da ya biyo baya ya fita da zafi. Wanda ya sauke tulu cike ya ɗauki wofi ya san yadda hannu yake tashi da kansa. Amma nauyin nan yana kawo gajiya kuma, don haka sai an huta gajiya ta sauka, galibi minti 3 zuwa 10. Gilles Cometti na birnin Dijon a Faransa ya yi suna wajen tsara irin wannan jeri. Bincike ya nuna masu ƙarfi sosai, kamar waɗanda suke iya tsuguno da ninki biyu na nauyin jikinsu, su ne suka fi cin moriyar wannan hanya. A makaranta irin tamu ba kowa ne ya kai nan ba. Saboda haka mun bar ta ga manyan ɗalibai da suka yi shekara biyu ko fiye suna horo, a gaban malamin wasanni.

Ga iyayenmu masu tsoron cewa ƙarfe zai hana yaro tsawo, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da rahoto a 2020 cewa horon ƙarfi da aka tsara da kyau, ana kuma lura da shi, ba a ga yana hana girma ba. Haɗarin yana wurin ɗaga abin da ya fi ƙarfin yaro, da mugun tsayi, da yin sa a ɓoye ba mai kallo. Horo mai tsari yana ma kare jiki. Hukumar FIFA tana da wani shirin ɗumama jiki mai suna 11+, wanda ya ƙunshi gudu da aikin ƙarfi da tsalle. Da aka gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100.

Tun da yake haka ne, ga ƙa'idodin da muke bi, muna kuma roƙon ƙannenmu su riƙe su. A koyi tsuguno da jiki kaɗai, baya a miƙe, diddige a ƙasa, kafin a ɗora ko kilo ɗaya. A koyi sauka kafin a koyi tashi: a dira shiru, gwiwoyi na kallon yatsun ƙafa, kada su karkata ciki. A yi tsalle a kan ciyawa ko yashi, ban da siminti. Akwatin diro kada ya wuce santimita 30 zuwa 40. Verkhoshansky yakan yi amfani da santimita 75 har zuwa 110, amma da gwanayen ƙasa yake aiki, gaba kuwa da gabanta. A ƙirga dirar ƙafa, sabon shiga kada ya wuce 60 a rana. Da zarar tsalle ya fara raguwa a tsaya, domin tsallen gajiya jinkiri yake koya wa jiki. In za a ɗaga nauyi a sami mutum biyu a gefe. A auna gwangwanayen siminti a sikeli, gama in ɗaya ya fi ɗaya nauyi baya ne zai biya. Ciwon tsoka na kwana biyu ba abin damuwa ba ne, amma ciwo mai suka a gwiwa ko a baya a kai shi ɗakin magani. Garaje ba ƙarfi ba ne.

Horo kuma ba ya tafiya sai da abinci da barci. Wake, gyaɗa, awara, ƙwai, kifi da nono su ne masu gina tsoka, ba sai an sayi garin gwangwani mai tsada ba. Likitoci sun ce matashi yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Game da ƙwayoyi da allurai da wasu suke talla a gari da sunan ƙara ƙarfi, ku tuna da Ben Johnson na Kanada. Ya yi mita 100 cikin sakan 9.79 a Seoul a 1988, bayan kwana uku aka ƙwace zinariyar domin an sami haramtaccen magani a jikinsa. Kofin gida bai kai darajar hanta da ƙoda ba.

A ƙarshe muna da roƙo. Ga hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, bukatunmu ba su da yawa: sandar ƙarfe ɗaya ta gaske da faifan nauyi da aka auna, akwatunan katako uku daga shagon kafinta, da tifa ɗaya ta yashi domin ramin tsalle. In aka sami waɗannan, ɗaga ƙarfe zai bar bayan ɗakin kwana ya dawo fili, inda malami zai gani ya gyara. Ga shugabannin gidaje kuma, ku fara horar da 'yan gidanku tun makon farko na zango na fari, maza da mata, ku rubuta tsallen kowa a jikin bango da a littafi, ku sake aunawa bayan mako shida. Ba a fafe gora ranar tafiya.